Amsa ga ɗan ƙanwata kan ginin coci da waƙar Misa

Ɗana,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, don ba kowane matashi ne ke ɗaga kai ya dubi ginin da yake sujada a ciki ba. Ka ce ka shiga wani tsohon coci mai ginshiƙai da tagogin gilashi masu launi, ka tarar ana rera Misa da Latin, ba ganga ba jita, har tsigar jikinka ta tashi. Yanzu kana tambaya ko cocin da ya yi kama da zauren taro, da amsa-kuwwa a kowace kusurwa, ya kauce hanya ne, ko kuwa gaskiya ne abin da abokanka suka gaya maka, wai Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ta soke tsohon tsari.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata tana wajen tsohon tsarin. Amma ba tsufansa ne ya ja ni ba. Abin da nake so a cikinsa shi ne, gini da waƙa duka suna juya idon mutum da kunnensa zuwa ga bagade, inda ake miƙa hadayar Kristi. Da wannan mudun nake auna kowane coci, tsoho ko sabo.

Kiristocin farko a gidaje suke taruwa. An tono ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, na ƙarni na 3, da ɗakin baftisma da zane-zane a bango. Bayan da Sarki Konstantin ya ba addinin 'yanci a shekarar 313, sai Ikkilisiya ta ɗauki fasalin babban zauren da Romawa ke shari'a da taro a ciki, wato basilika: dogon ɗaki, layin ginshiƙai dama da hagu, can ƙurya kuma bango mai lanƙwasa. Basilikar Lateran da ke Roma, wadda ita ce kujerar Paparoma har gobe, daga wannan zamanin ta samo asali. Ka lura da abin da tsayin ɗakin yake yi. Kana shiga, kwamin baftisma na kusa da ƙofa, domin ta nan ake shiga Ikkilisiya. Daga nan ƙafarka da idonka su bi layin ginshiƙai har su tsaya a kan bagade. Ginin da kansa yana koya maka cewa rayuwar Kirista tafiya ce, kuma akwai inda ta dosa.

Yawancin tsofaffin coci-coci gabas suke fuskanta. Tun zamanin iyayen Ikkilisiya ake addu'a ana kallon mafitar rana, saboda Ubangiji ya ce zuwansa zai zama kamar walƙiya da ke fitowa daga gabas. Saboda haka idan ka ga firist ya tsaya a gaban bagade, jama'a na bayansa, kada ka yarda da masu cewa ya juya wa mutane baya. Shi da su duka wuri ɗaya suke kallo, shi ne dai a gaba.

Tagogin da suka burge ka kuwa, sun bunƙasa ne a Faransa a ƙarni na 12. Wani shugaban gidan sufaye mai suna Suger ya sake gina ɓangaren bagade na cocin Saint-Denis kusa da Paris, aka keɓe shi a 1144. Maginan sun gano yadda za su ɗora nauyin rufi a kan ginshiƙai da madogaran waje, sai bango ya huta, aka fafe shi aka sa gilashi. Haske ya riƙa shigowa ta jikin hotunan annabawa da manzanni. Notre-Dame ta Paris, wadda aka fara a 1163, ta ƙone a 2019, aka sake buɗe ta a Disamban 2024, daga wannan zuriyar take. Idan wani ya tsare ka da zancen gumaka, ka tuna masa cewa Majalisar Nikiya ta Biyu ta yanke magana tun 787: girmamawar da ake yi wa hoto tana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Kafin nan ma Paparoma Gregori Babba ya rubuta wa wani bishop da ya farfasa hotuna cewa abin da rubutu yake ga mai karatu, shi hoto yake ga wanda bai iya karatu ba.

Abin da ya fi damuna a wasu sababbin gine-gine shi ne inda ake ajiye Jikin Kristi. Bayan Majalisar Trent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, al'adar ɗora tabanakul, wato akwatin da ake ajiye Jikin Kristi a ciki, a tsakiyar babban bagade ta bazu, da fitila mai ci dare da rana a gefensa. Duk wanda ya shigo ya san inda zai durƙusa. Yau za ka shiga wani cocin ka yi ta waige-waige kana neman fitilar. Wannan yana yi mini ciwo, domin yaro da ido yake fara koyon bangaskiya kafin katikisim.

To, mu zo ga Majalisar Batikan ta Biyu. Abokanka ba su karanta ta ba. Dokarta kan sujada ta fito ranar 4 ga Disamba, 1963. A sashe na 36 ta ce a kiyaye Latin, tare da buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. A sashe na 54 ta nemi a koya wa masu bi su iya faɗa ko rera nasu sassan Misa da Latin tare. Sashe na 116 ya ba waƙar Gregori, wato tsohuwar waƙar Latin ta Ikkilisiya, matsayi na farko, na 120 kuma ya ɗaukaka kayan kiɗan da ake kira ogan mai bututu. Bagaden da aka janye daga bango don a iya zagaya shi, a kuma yi Misa ana fuskantar jama'a, ya zo ne a wani umarni na 1964. Sai dai kai ma kada ka ɗauki rabin magana ka bar rabi. Ita dokar ce ta ce, a sashe na 123, Ikkilisiya ba ta taɓa ɗaukar wani salon gini ko zane ta ce shi kaɗai ne nata ba. Ta kuma fifita kyau mai daraja a kan almubazzaranci. Don haka ƙaramin coci mara ado, wanda bagadensa ke a fili, gicciye na sama, tsabta da shiru sun wadata, ya cika ƙa'ida.

Waƙa ce inda na fi so ka natsu. Waƙar Gregori murya ɗaya ce, kowa na bin layi ɗaya, ba kiɗan da ke ƙirga mata taku. Kalmomin ne ke ja, sautin na biye. Yawancin kalmomin kuma daga Zabura da sauran Nassi aka ɗebo su. Wannan ne sirrinta. Ba ta da wurin da mawaƙi zai nuna gwaninta har a tafa masa, kuma ba ta tuna maka da filin biki. Ana jingina ta ga Paparoma Gregori, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da yake ta ɗauki siffar da muka sani ne a ƙarni na 8 da na 9, lokacin da waƙar Roma ta haɗu da ta ƙasar Faransawan da. Da ka ake riƙe ta, har Guido na Arezzo ya tsara rubuta sauti a kan layuka a ƙarni na 11. Da ta lalace a bakin mutane, sufayen Solesmes a Faransa ne suka bi tsofaffin rubuce-rubuce a ƙarni na 19 suka farfaɗo da ita. Daga jikinta waƙar muryoyi da yawa ta tsiro, irin ta Palestrina wanda ya rasu a 1594.

Rigimar da kuke yi yau ba sabuwa ba ce. Waliyyi Agustin kansa ya yi fargabar kada daɗin sauti ya rinjayi ma'anar kalmomi, duk da hawayen da ya zubar da ya ji waƙa a cocin Milan. A 1903 Paparoma Piyus na Goma ya ga salon gidajen wasan kwaikwayo ya mamaye coci-cocin Italiya, sai ya kafa ma'auni: waƙar sujada ta zama mai tsarki, mai kyan tsari na gaske, wadda kuma Kirista daga ko'ina zai ji ya gane addu'a ce. Ni da wannan nake auna waƙa, ba da harshenta ko ƙasar da kayan kiɗanta suka fito ba. Sashe na 119 na dokar 1963 ya ce a girmama kiɗan al'ummai, a ba shi wurin da ya dace. Ka nemi waƙar sufayen Keur Moussa a Senegal, gidan da sufayen Solesmes suka kafa a 1963. Suna rera Zabura da kora, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na Afirka ta Yamma, kuma natsuwar da ke ciki ita ce ta waƙar Gregori. Ganga ma tana iya yi wa addu'a hidima. Inda take ɓaci shi ne idan ta danne kalmomi, ko aka ƙure amsa-kuwwa har tsohuwar da ke benci na baya ta daina jin muryar kanta, ta yi shiru ta zama 'yar kallo.

Tunda kana cikin ƙungiyar mawaƙa, kada ka je da faɗa, kada kuma ka raina waɗanda suka yi shekaru suna hidima da abin da suka iya. Ka sami Fada cikin ladabi. A 1974 Paparoma Bulus na Shida ya aika wa bishop-bishop na duniya wani ɗan ƙaramin kundi na waƙoƙin Gregori mafi sauƙi, don kowane Katolika ya iya su. Ku fara daga nan, da sassan Misa da ake kira Kiriye da Sanktus da Agnus Dei, ku fassara wa jama'a ma'anarsu kafin ku koya musu. Lokacin Zuwan Ubangiji da na Azumi sun fi dacewa da farawa, tunda dama ana rage kiɗa a cikinsu. Ku roƙa kuma a bar ɗan shiru bayan karɓar Jikin Kristi, kafin a ɗauko wata waƙa.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka