Tsaraba, Masauki da Raɓa: Amsa ga Masu Zuwa Ganin Tsofaffin Aminai

Wani ɗan kasuwa mazaunin Agege ya rubuto cewa zai yi tafiya Kumasi ta ƙasar Gana, kuma zai sauka a gidan amininsa da suka yi karatun allo tare tun suna yara, wanda ya yi aure a can ya hayayyafa. Da yake shirya kayan da zai kai wa iyalin aminin nasa ya kira su tsaraba, sai maƙwabcinsa ya ce ya yi kuskure, wai ba a cewa tsaraba sai ga abin da matafiyi ya komo da shi gida. Ya kuma tambaya ko ya dace ya ɗauki kansa baƙo, alhali aminin ya gaya masa ta waya cewa gidan gidansa ne.

Alhaji, maƙwabcinka ya riƙe rabin magana ne ya saki rabi. Tsaraba ita ce kyautar da matafiyi ya ɗauko daga inda ya fito domin mutanen da zai tarar, ko gida ya nufa ko gidan wani. Sharaɗinta guda ne, wato ta yi tafiya tare da mai ita, shi ya sa abin da ka saya a bakin titin gidan da za ka shiga kyauta ce kawai, bai kai a kira shi tsaraba ba. Guzuri kuwa na matafiyi ne shi kansa, abin da zai ci ko ya kashe a hanya, kuma daga nan ne malamai suke cewa a yi guzurin lahira. Darajar tsaraba ba a tsadarta take ba, tana cikin kasancewarta abin da babu shi a inda aka kai ta, ko kuwa na can bai kai na gida ba. Wanda ya daɗe rabonsa da Arewa yakan yi murna da kuka da daddawa da yaji fiye da agogo mai tsada. Sai dai masu zuwa Turai su lura, ƙasa irin Ingila ta hana matafiyin da ya fito daga ƙasashenmu shiga da nama, saboda haka kilishi, duk da farin jininsa, ba tsarabar can ba ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa tsaraba ta iyali ce kafin ta zama ta aminin. A al'ada mai gida ake miƙa wa, shi ya shigar cikin gida, uwargida ta raba, kuma ba a mantawa da rabon yara ko da alewa ce. Wannan shi ne ya kai mu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi.

Kalmar baƙo tana ɗauke da ma'ana biyu da ba sa rabuwa. Baƙo shi ne wanda ya zo aka sauke shi, kuma baƙo shi ne wanda ba a sani ba ko bai san wuri ba, kamar yadda muke cewa baƙon abu ko baƙuwar cuta. Idan amininka ya ce kai ba baƙo ba ne, ma'ana ta biyu yake cirewa, kuma tsakaninka da shi kaɗai ya cire ta. Matarsa ba ta yi karatun allo da kai ba, 'ya'yansa sunanka kawai suke ji, maƙwabtansa ba su taɓa ganinka ba. A wurin waɗannan duka kai baƙo ne ta kowace fuska, kuma haƙƙinsu ne ka shiga musu kamar baƙo: ka yi sallama ka tsaya inda aka tsayar da kai, zaure ne ko falo, kada ka wuce ciki sai an yi maka iso. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta yi umarni da neman izini da sallama kafin shiga gidan da ba naka ba, kuma ba ta ware gidan amini ba. Ka gai da matarsa da Hajiya, ko uwargida, ko ka haɗa ta da sunan ɗanta ka ce maman wane, yaran kuwa za su kira ka Baba domin abokin uba uba ne. Ina ganin yawancin ɓacin ran da ke biyo bayan irin wannan ziyara daga nan yake tasowa, wato mutum ya auna gidan duka da ma'aunin sabon da ke tsakaninsa da mutum ɗaya.

Akwai kuma batun harshe. Hausar da aka tashi da ita a zangunan Gana, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, wadda masana suke kira Gananci, ta bar bambance namiji da mace a nahawu, saboda haka za ka iya jin yaro ya ce uwata ya zo. Kada ka yi dariya, kada kuma ka tsaya gyara a gaban iyayensa. Karin harshe ne da ya kafu shekaru aru-aru a tsakanin al'ummomi masu harsuna dabam-dabam, kuma su ma suna jin abin mamaki a Hausarmu ta Legas da ta sha Yarabanci da Turanci.

Garin da za ka je ma yana da alaƙa da kalmomin masauki da zango. Masauki ya fito ne daga sauka, wato wurin sauka, kamar yadda mazauni ya fito daga zauna. Zango kuwa asalinsa wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya kwana, har akan auna nisan tafiya da shi a ce zango kaza ne. Fataken goro da suke bin madugu zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, musamman kasuwar Salaga, ba su da otal. Kowane yana da mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, shi ya sa aka ce da ɗan gari akan ci gari. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu zuwa wasu garuruwa, unguwannin zango suka ƙara bunƙasa a wurare irin su Kumasi da Akara. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, wato Legas, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911 jirgin ƙasa ya karɓi aikin jakuna. Har yau Yarabawa suna kiran irin goron da muke ci da sunan da ya samo asali daga Gwanja. Saboda haka idan ka bi ta Seme, ka ratsa Kwatano da Lome, ka shiga Gana ta Aflawo ka sauka a gidan amininka, tsohuwar al'ada ka tarar, mai ƙa'idojinta da aka daɗe da sani.

Tambaya ta gaba daga wata Hajiya ce mazauniyar Idi-Araba, wadda ta je Ingila ta sauka wurin ƙawarta ta makarantar kwana. Da take shirin tafiya, yayarta ta ce mata ta tuna baƙo raɓa ne, kuma maganar ta tsaya mata a rai, tana ganin kamar an ƙasƙantar da baƙo. Ta ce ita abin da ta sani shi ne baƙonka annabinka, to yaya za a haɗa biyun?

Hajiya, babu saɓani a tsakaninsu, sai dai kowanne da wanda ake gaya wa. Baƙonka annabinka magana ce ga mai masauki, tana nuna masa girman wanda ya sauka a gidansa da ladan da ke cikin karrama shi. Baƙo raɓa ne kuwa tana da fuska biyu. Raɓa da dare take sauka, ta jiƙa ciyawa ta sanyaya ƙasa, rana na ɗagawa ta tafi. Idan aka gaya wa mai gida, ana ba shi haƙuri ne cewa duk takurar da ya ji ta ɗan lokaci ce, kada ya ɓata fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan kuwa baƙo aka gaya wa, kamar yadda Yaya ta gaya miki, ana tuna masa ne ya zama mai sauƙin nauyi, ya amfani gidan, ya kuma san lokacin tashi tun ba a fara ƙirga masa kwana ba. Ban ga ƙasƙanci a nan ba, domin ba a kwatanta baƙo da abin ƙi ba, an kwatanta shi da abin da manomi yake murna da shi.

Addini ya sa wa wannan iyaka bayyananna. Ya tabbata a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Wannan bai hana wanda ya tsallaka teku ya yi mako biyu ko wata ba idan an gayyace shi ga haka. Abin da yake nufi shi ne bayan kwana uku baƙo ya daina zaman a yi masa, ya shiga cefane da aikin gida gwargwadon hali, ya kuma faɗi ranar tafiyarsa tun da wuri. Mu mazauna Legas bai kamata wannan ya zame mana sabon karatu ba, domin mun san abin da ake nufi da a ce iyali guda suna ɗaki da falo a gidan haya, a tashi yara daga shimfiɗarsu saboda baƙo. Ƙawar da ke Ingila tana iya kasancewa cikin matsin da ya fi wannan, ga aikin da ba a ɗaga mata ƙafa, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Shi ma Alhajin Agege ya lura: ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a nan Legas a 1975, ta ba ɗan ƙasashenta damar zama har kwana 90 ba tare da biza ba, amma wannan izinin hukuma ne na zama a ƙasa, na zama a gidan mutum kuwa a fuskar masu gidan ake karanta shi.

Wani matashi daga Obalende ya tambaya ko daidai ne a ce an je sada zumunci wurin aboki, tunda ba jini ɗaya ba ne, da kuma ko karin maganar zumunci a ƙafa yake yana da sauran amfani yanzu da ake ganin juna ta WhatsApp. Daidai ne, domin kalmar zumu a Hausa ta haɗa ɗan'uwa da aboki na kusa, kuma amini, wanda asalinsa Larabci ne mai ma'anar wanda aka amince wa, ya fi aboki kusanci nesa ba kusa ba. Game da ƙafa kuwa, waya tana riƙe zumunci kada ya tsinke, kuma ban raina wannan ba. Amma ba ta sa 'ya'yan amininka su san fuskarka su gaishe ka a durƙushe, ba ta sa ka ci tuwon gidansa, ba ta kuma nuna maka halin da yake ciki wanda ba zai faɗa da baki ba. Waɗannan sai an taka, kuma su karin maganar yake nufi.

Idan ranar tafiya ta zo, sallama da ban kwana ba ga amini kaɗai ake yi ba. A nemi uwargida a yi mata godiya da ban gajiya, domin ita ta ɗauki mafi yawan ɗawainiya, a sa wa yara albarka a ba su ɗan abin hannu, a leƙa maƙwabtan da suka zo sannu da zuwa. Mai masauki zai yi rakiya har tasha ko filin jirgi yana cewa a gai da gida, Allah ya kiyaye hanya, kuma wajibin baƙo na ƙarshe shi ne da zarar ya iso Legas ya kira ya shaida musu ya sauka lafiya.