Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Burodina Yake Lotsawa a Cikin Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi injin yin burodi wata uku da suka wuce, kuma a farko komai yana fitowa da kyau. Daga baya na cire gishiri gaba ɗaya saboda maigidana yana da hawan jini, na ƙara sukari domin yara sun fi son burodi mai zaƙi, na kuma ƙara yis don ya tashi sosai. Yanzu kwaɓin yana kumbura har ya taɓa murfi, amma idan ya gasu sai in tarar tsakiyarsa ta lotsa. Shin injin ne ya lalace? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Injinki lafiyarsa ƙalau, kuma canje-canjen nan uku da kika lissafa su ne suka haɗu suka jawo matsalar. Mai gasa burodi da hannu yana duba kwaɓinsa, idan ya ga ya tashi da wuri sai ya gaggauta sa shi a tanda. Shi kuwa inji, tun lokacin da kamfanin Matsushita na Japan ya fito da irinsa a shekarun 1980, da agogo yake aiki: yana kwaɓawa, ya jira, ya gasa a lokacin da aka tsara masa, ko kwaɓin ya shirya ko ya wuce gona da iri. Saboda haka nauyin daidaita kayan haɗi yana kanki.

Fulawa ce ginshiƙi. Idan ta haɗu da ruwa aka murza ta, sinadaran furotin da ke cikinta suna zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin, wanda shi ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa. Fulawar burodi tana da furotin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ta gama-gari kuwa ba ta cika kai haka ba, shi ya sa burodinta ba ya tsayi sosai. Yis halitta ce mai rai da ke cin sukari tana fitar da iska. Ɗumi yana sa ta sauri, ruwan da ya kai digiri 60 kuma yana kashe ta.

Gishirin da kika cire shi ne linzamin yis. Ba ɗanɗano kaɗai yake bayarwa ba, yana rage wa yis gudu, yana kuma ƙara wa gulutin ƙarfi. Da kika cire shi, kika ƙara yis da abincinta, sai kwaɓin ya cika da iska tun kafin lokacin gashi ya zo, danƙon ya miƙe har ya gaza, da zafi ya taɓa shi kuwa sai ya faɗa ciki. A ƙa'ida ana sa gishiri kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyin fulawa, wato giram 9 zuwa 10 a fulawa giram 500. Kulawarki da lafiyar maigida daidai ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana. Sai dai idan aka raba giram 9 a yanka goma sha biyar, kowane yanka bai kai giram ɗaya ba, kuma a ganina dunƙulen miya ya fi cancantar a sa masa ido. Idan likita ya ce a rage, ki mayar da gishirin burodin giram 5 ko 6, ki rage yis da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Sukari kuwa babban cokali biyu ya isa ya ba ɓawon burodi launi da ɗan zaƙi. Idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari na fulawa, yana janye ruwa daga yis ya rage mata kuzari, ɓawon kuma ya yi saurin ƙonewa, don haka ne yawancin injuna suke da tsari na musamman na burodi mai zaƙi. Bota ko man gyaɗa babban cokali biyu suna sa laushi, su hana burodin saurin bushewa, madarar gari ma haka.

Ruwa ne abin da littafin inji ba zai iya yanke miki hukunci a kansa ba, domin ba don yanayinmu aka rubuta shi ba. Ki fara da mililita 300 zuwa 320 a fulawa giram 500, da yis mai saurin aiki cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari. A hunturu fulawa tana bushewa, ta nemi ƙarin ruwa, da damina kuma tana shan danshi, ta nemi ragi. A zafin bazara ki yi amfani da ruwan sanyi daga firiji, ba mai ɗumi ba. Bayan minti goma da fara kwaɓi ki buɗe murfin ki duba: ana son dunƙule mai santsi wanda ke ɗan manne wa yatsa. Idan ya yi ruwa ki ƙara fulawa cokali ɗaya, idan yana tsattsagewa ki ƙara ruwa cokali ɗaya.

Ki bi tsarin zubawa da ke littafin injinki. Yawanci ruwa ne farko, sai fulawa, sannan yis a sama nesa da gishiri, ko da yake injunan Panasonic da yawa suna farawa da yis. Ki kuma sayi ƙaramin sikeli na kicin, domin gwangwanin madarar da muke awo da shi yana iya ɗaukar fulawa mai nauyi dabam-dabam gwargwadon yadda aka danna ta. A gashi na gaba ki mayar da gishirin, ki koma yis ɗin farko, kada ki taɓa komai bayan waɗannan, domin ki ga bambancin da idonki.