Amsa: Shin Mamdani zai iya cika alƙawuran da ya yi wa mutanen New York?

Malam, ka tambaya ko farin jinin Zohran Mamdani, wanda ya lashe zaɓen magajin garin New York a 2025, ya isa hujjar cewa zai cika alƙawuransa. Ni dai ina da ja.

Kamfe kam ya iya shi. Ranar 1 ga Janairun 2025 ya faɗa cikin teku a Coney Island da ke birnin New York, da kwat a jikinsa, ana tsananin sanyi, don tallata batun hana ƙarin kuɗin haya. Ya kuma kayar da Andrew Cuomo, tsohon gwamnan jihar New York, sau biyu, a zaɓen fidda gwani da kuma babban zaɓen 4 ga Nuwamba.

Amma duba inda gizo ke saƙa. Bas kyauta da ya yi alƙawari, hukumar sufuri ta MTA ce ke da motocin, ita kuwa a hannun gwamnatin jiha take. Ƙarin harajin kashi 2 cikin 100 a kan masu samun sama da dala miliyan 1 a shekara, sai majalisar jiha da gwamna sun amince. Hana ƙarin haya ma gidaje kusan miliyan 1 kawai ya shafa, waɗanda doka ta ƙayyade hayarsu.

Abin da ke damuna ke nan: talakan da ya ga bidiyon kamfe na minti ɗaya a wayarsa ya yi zaton magajin gari kaɗai zai yanke duk waɗannan.