Zauren Lissafi: A Ina Zanen Ya Tsinke?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tsinkewar fankshin (ƙa'idar da ake saka mata lamba x ta ba da amsa f(x)) da rashin tsinkewarsa. Da gani an san jarrabawar kalkulas ta ƙarato. Na ɗauki biyar. Masu tambaya a kan jerin lambobi su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin farko na jami'a. A gwaji an ce mu faɗi abin da ake nufi da fankshin marar tsinkewa, sai na rubuta cewa shi ne wanda za a iya zana shi ba tare da an ɗaga alƙalami daga takarda ba, kamar yadda aka koya mana a sakandare. Malamin ya ba ni sifiri. A tambaya ta biyu an ba mu f(x) = (x² − 1)/(x − 1), na soke (x − 1) sama da ƙasa, na samu x + 1, na ce bai tsinke a ko'ina ba. Nan ma aka ja mini jan biro. Don Allah ina laifina? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Sifirin ya yi tsauri, da ni ne da na ba ki maki ɗaya na ƙoƙari, amma malaminki yana da gaskiya. Zancen alƙalami ba ƙarya ba ne, mu ma da shi muke fara koyarwa don yaro ya ga abin da idonsa. Matsalarsa ita ce yana magana a kan zane gaba ɗaya, alhali tambayar da kalkulas ke yi a kan wuri guda take: a daidai x = a, fankshin ɗin ya tsinke ko bai tsinke ba?

Abu uku za ki duba. Da farko, in kin saka x = a cikin f, akwai amsa? Na biyu, in x tana matsowa kusa da a, ta hagu da ta dama, shin f(x) tana dosar lamba ɗaya tak? Wannan lambar ita ce limit. Na uku, lambar da ake dosa ita ce f(a) ɗin da kika samu? In ukun nan sun cika, bai tsinke a wurin ba. In ɗaya ya faɗi, shi ke nan.

Yanzu ɗauki tambayarki ta biyu. Saka 0.9, za ki samu 1.9. Saka 0.99, ki samu 1.99. Ki zagayo ta dama, 1.1 ta ba da 2.1, 1.01 ta ba da 2.01. Kowane ɓangare 2 yake dosa, sharaɗi na biyu ya cika. Amma saka 1 ɗin kanta: sama sifiri, ƙasa sifiri. Babu amsa. Sharaɗin farko ya faɗi tun kafin a je ko'ina. Sokewar da kika yi halal ce a duk inda x ba 1 ba ce, domin a nan ne kawai (x − 1) ba sifiri ba ce. Zanen miƙaƙƙen layi ne mai ɗan rami guda a daidai (1, 2), ramin da ba shi da faɗi ko kaɗan, don haka alƙalaminki zai bi ta kansa bai sani ba. Irin wannan tsinkewar tana da magani: a ƙara layi ɗaya a ce f(1) = 2, ramin ya toshe. In kuwa wani ya ce f(1) = 5, an samu amsa amma ba wadda maƙwabta ke dosa ba, sharaɗi na uku ya faɗi.

Ga kuma wanda alƙalami ba shi da ta cewa a kansa. A 1829 Dirichlet, Bajamushe, ya kawo fankshin da ke ba da 1 in x lamba ce da ake iya rubutawa a matsayin kaso irin 3/4, ya ba da 0 in ba a iya rubuta ta haka, irin √2. Tsakanin kowace lamba biyu, kome kusancinsu, akwai nau'in farko akwai na biyu, saboda haka ba ya dosar kome a ko'ina, ya tsinke a kowane wuri. Sauya shi kaɗan: ya ba da x ita kanta a nau'in farko, 0 a na biyu. Wannan bai tsinke a x = 0 ba, amma ya tsinke a duk sauran wurare. Ba mai iya zana shi, amma sharuɗɗan nan uku sun yanke masa hukunci cikin layi biyu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. An ba mu f(x) = x² + k in x ba ta kai 3 ba, kuma f(x) = 2kx − 1 daga 3 zuwa sama, aka ce mu nemo k don kada ya tsinke. Ta ina ake farawa? Sannan wannan ε da δ da malaminmu ke cika allo da su, wallahi ko kusa ban gane ba. Daga ɗalibin kwalejin ilimi, Katsina.

AMSA: Ɗana, ta farkon ba ta da wuya. Kowane guntu a karan kansa lafiyarsa ƙalau, mahaɗar ce abin dubawa. Ta hagu ana dosar 9 + k, ta dama ana dosar 6k − 1, kuma ita ce f(3). Daidaita su: 9 + k = 6k − 1, wato 5k = 10, k = 2. Gwada ka gani, hagu 11, dama 11. Kada ka manta ka rubuta limit ɗin hagu da na dama a fili, a nan makin yake.

Zancen ε da δ kuma ciniki ne tsakanin mutum biyu. Mai gardama ya ce, ina son f(x) kada ta yi nisa da f(a) fiye da kaza. Wannan kazan shi ne ε. Kai kuma ka ce, to, riƙe x kada ta yi nisa da a fiye da kaza, buƙatarka za ta biya. Naka kazan shi ne δ. In duk yadda ya matse nasa kana da amsar ba shi, fankshin bai tsinke a a ba. Ɗauki f(x) = 3x + 1 a x = 2, inda amsa take 7. Ya ce 0.3, ka ce 0.1. Ya ce 0.003, ka ce 0.001. Kullum ka raba nasa gida uku ka ba shi ɗaya, ba zai taɓa ƙure ka ba.

Ga inda za a ƙure ka, kuma ka san wurin sarai. A yawancin jami'o'in Nijeriya maki 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, daga 60 zuwa ƙasa da 70 kuma B ne mai daraja 4. Mai gardama ya tsaya a kan 70 ya ce kada daraja ta kauce wa 5 da fiye da rabi. Ka ce a tsaya cikin tazarar 0.1, ya nuna maka 69.95, daraja 4. Ka ce 0.001, ya kawo 69.9995, har yanzu 4. Babu δ da za ta fisshe ka. Ta hagu ana dosar 4, ta dama 5, zanen ya yi tsalle. Wannan ba a toshe shi da sauya amsar wuri ɗaya, kuma shi ya sa ofishin malami ke cika da masu 69 bayan an kafe sakamako.

TAMBAYA: Malam, mu biyu ne muke koyar da lissafi a makaranta ɗaya, mun yi musu har ya kai ga shugaban sashe. Ni na ce f(x) = 1/x ya tsinke, abokina ya ce bai tsinke ba. Raba mana gardama. Daga wani malami, Gusau.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara haƙuri da aji. Kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma littattafan ma ba bakinsu ɗaya ba. Littattafan masu farawa suna cewa ya tsinke a x = 0, tunda babu f(0), kuma zanen ya nausa sama ba iyaka ta dama, ya nutse ƙasa ta hagu. Littattafan manyan azuzuwa kuwa cewa suke yi sifiri ba ta cikin lambobin da ake saka wa wannan fankshin tun asali, don haka ba a yi masa hisabi a wurin da ba ya nan, kuma a duk inda yake da amsa bai tsinke ba. Haka zancen yake ga tan x a digiri 90, da ma fankshin ɗin ɗalibar Zariya.

Ni na fi karkata ga abokinka, amma ba na barin ɗalibi ya tsaya a "ya tsinke" ko "bai tsinke ba" kawai. Ya faɗi wurin. Ya rubuta: bai tsinke ba a duk x da ba sifiri ba, a x = 0 kuma ba shi da amsa, ba shi da limit, kuma babu lambar da za a ba f(0) ta gyara shi. Babu mai makin da zai soke wannan. Ku dai daidaita bakinku kafin ku shiga aji, don yara sun fi kowa gane malamai biyu sun saɓa.

TAMBAYA: Malam, ni injiniyanci nake karantawa. Gaskiya ban ga amfanin wannan babin ba, abu ne da ido ke gani. Me zai ƙare ni da shi? Daga wani ɗalibi, Bauci.

AMSA: To, warware mini x³ + x − 1 = 0. Babu cikakkiyar lamba ko kaso da zai yi, ka gwada. Amma f(0) = −1, f(1) = 1, kuma fankshin bai tsinke ba tsakanin 0 da 1. Wanda ya taso daga ƙasan sifiri ya kai samanta ba tare da tsalle ba, dole ya taka sifirin a hanya. Ke nan akwai amsa a tsakani, tun ba ka gan ta ba.

Yanzu sai farauta. Tsakiya, 0.5, ta ba da −0.375, ƙasa da sifiri, amsa tana tsakanin 0.5 da 1. Gwada 0.75, ka samu kimanin 0.172, amsa ta koma tsakanin 0.5 da 0.75. Sai 0.625, kimanin −0.131. Sai 0.6875, kimanin 0.012. Ka riga ka ritsa ta tsakanin 0.625 da 0.6875, in ka ci gaba za ka iso wajen 0.6823. Kowane taku yana raba tazarar biyu: taku 10 ya mai da ita kashi ɗaya cikin 1,024, taku 20 ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan. Za ka sake haɗuwa da wannan dabarar a darasin warware lissafi da kwamfuta, kuma ita da danginta ne ke aiki in lissafin gini ko na lantarki ya ƙi warwaruwa da hannu.

Gwada ta a kan 1/x ba tare da ka duba ba. A −1 amsa −1, a 1 amsa 1, alama ta sauya, sai ka ce akwai sifiri a tsakani. Babu. 1/x ba ya taɓa zama sifiri, tsallake ta ya yi ta inda ya yanke. Injiniyan da bai duba sharaɗin ba zai bi lambar da ba ta nan.

Batun "ido na gani" kuwa, manyan masana sun daɗe suna faɗin haka. Newton da Leibniz sun kafa kalkulas a ƙarni na 17, aka yi fiye da shekara ɗari ana aiki da shi a kan yarda da zane. Bernard Bolzano, limamin coci kuma masanin lissafi a birnin Prag, shi ne a 1817 ya ce zane ba hujja ba ne, ya zauna ya nemi tabbatar da wannan ƙa'idar ta tsaka-tsaki da lissafi zalla. Cauchy ya fito da ma'anar rashin tsinkewa a littafin darasinsa na 1821 a Faransa. Kuma suna da dalili. Da a ce lambobin kaso kaɗai gare mu, x² − 2 zai tashi daga −1 a x = 1 ya kai 2 a x = 2 ba tare da ya taka sifiri ba, domin √2 ba kaso ba ce. Ƙa'idar tana tsaye ne saboda layin lambobi ba shi da giɓi, wannan kuwa ido ba ya iya shaidarsa.

TAMBAYA: Malam, in fankshin bai tsinke ba, dole ne a iya samun gangarensa a ko'ina? Daga 'yar aji uku na babbar sakandare, Kano.

AMSA: A'a, 'yata, hanyar ɗaya take bi. Duk inda fankshin ke da gangare, wato ma'aunin yadda zanensa ke hawa ko sauka a daidai wurin, bai tsinke a wurin ba. Amma juya maganar ba ya yiwuwa. Zana |x|, wato girman x ba tare da alamar ragi ba, za ki ga siffar V. A x = 0 hagu da dama duk 0 suke dosa, f(0) = 0, babu tsinkewa. Gangaren kuwa −1 ne ta hagu, 1 ta dama, sun ƙi haɗuwa, saboda haka babu gangare a tsinin.

An daɗe ana zaton irin waɗannan kusurwoyi 'yan tsiraru ne a kowane zane. A 1872 Karl Weierstrass ya gabatar wa masana a Berlin fankshin da bai tsinke a ko'ina ba kuma ba shi da gangare a ko'ina, kome ƙanƙantar guntun da kika duba a murɗe yake. Mutumin nan, in ji tarihi, ya yi shekaru fiye da goma yana malamin sakandare a ƙananan garuruwa, har da darasin motsa jiki da gyaran rubutu, kafin jami'a ta san da shi. A jarrabawarki ba za a kawo nasa ba, |x| za a kawo, ko |x − 2|, wanda tsininsa yake a x = 2. Ki gwada wannan na biyun da kanki, ki nuna limit ɗin hagu da dama na fankshin, sannan na gangaren, ki aiko mini in duba.