Amsa: Ta yaya zan gane kamfanin manhaja mai kyau kafin in karɓi aiki?

Ɗan'uwa, na ga ka ce wani kamfanin haɗa manhaja a Abuja ya kira ka intabiyu, kana son sanin ko wurin zama ne kafin ka tattara ka baro Kano. Shekarata tara a wannan sana'a, na zaga kamfani huɗu.

Abin da za su faɗa maka a intabiyu kar ya ruɗe ka, mai talla ba ya kushe hajarsa. Waɗanda suka bar wurin za ka nema. Shiga LinkedIn, shafin da ma'aikata ke rubuta tarihin aikinsu, ka duba shekara nawa masu rubuta kod, wato rubutun da ake haɗa manhaja da shi, suke yi kafin su fita. In kowa bai kai shekara ba, akwai lauje cikin naɗi. Ka yi wa mutum biyu sallama, ka tambaye su ko albashi na shiga a kan lokaci. Wanda ya riga ya fita ba ya tsoron oga, zai fasa maka ƙwai.

Kamfanina na biyu ne ya koya min hankali. Kowane wata ana cire min kuɗin fansho, sai da na yi wata goma sha huɗu na leƙa asusuna na ajiyar fansho, wato RSA, wayam. Alhali dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, kamfani kashi 10, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Don haka ka tambayi maganar fansho da inshorar lafiya, a rubuta a takardar ɗaukar aiki. Haka ƙarin albashi: ka tuna yadda Naira ta faɗi tun watan Yunin 2023, wasu sun ƙara wa ma'aikata, wasu sun yi gum.

A intabiyu kuma tambaya ɗaya nake yi: ranar da saba (babbar kwamfutar da manhajarsu ke aiki a kanta) ta faɗi kwanan nan, me ya faru? In suka fara ba ka labarin wanda ya yi laifi, kai ne na gaba. In suka ce sun zauna sun gyara tsari, ana duba kod ɗin juna kafin a tura, to da dama-dama. Daga nan ka ji wa ake tasa cikin dare in matsala ta taso, kuma ana biyansa?

Sai laftof da data, su za su ba ka ko aljihunka? Ka kuma faɗa musu tun yanzu cewa ƙarfe ɗaya ranar Juma'a kana masallaci, ka kalli fuskar mai intabiyun.