Amsa ga Hajiyar da wani kocin jami'a ya nemi 'yarta

Assalamu alaikum. Hajiya, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce babban kocin ƙwallon mata na wata jami'a a nan Amurka ya ga wasan 'yarki, ya aiko mata saƙo cewa zai ba ta gurbi da tallafin karatu. Kina so ki san mene ne ainihin aikinsa, ko yana da ikon cika alkawarin, kuma wa zai kula miki da yarinya in ta tafi. Na yi kakar wasa shida, daga 2009 zuwa 2014, ina mataimakin koci a ƙungiyar mata ta wata ƙaramar jami'a da ke rukuni na biyu cikin rukunai uku na wasannin jami'o'in Amurka, a ƙarƙashin wata Ba'amurkiya da ta girme ni nesa ba kusa ba. Abin da na gani zan faɗa miki.

Na shiga aikin da tunanin gida, inda koci shi ne mai usur a wuya, ya sa yara gudu, ya fitar da goma sha ɗaya ranar wasa, in an ci a ɗaga shi sama, in an sha kashi a zage shi. Makon farko uwar ɗakin tawa ta zaunar da ni a ofis, ta miƙo min takardun hayar bas da na otal-otal, ta ce in duba ko lissafin ya yi daidai. Na ce mata ni fa ƙwallo na zo koyarwa. Ta yi dariya ta ce ƙwallon awa biyu ce a rana, sauran awa goman fa? Kuma gaskiyarta. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin yawancin jami'o'in ƙasar, ta ƙayyade cewa a lokacin kaka ba za a riƙe 'yar wasa fiye da awa 20 a mako ba, ba fiye da awa 4 a rana ba, kuma dole a ba ta hutun kwana guda kowane mako. Kakar ma gajera ce. Ana shiga atisaye a watan Agusta, kafin ƙarshen Nuwamba yawancin ƙungiyoyi sun naɗe tabarma, sai 'yan kaɗan da ke kaiwa wasannin ƙarshe a farkon Disamba. To me koci yake yi sauran shekarar? Abin da wannan mutumin ya yi da 'yarki, wato farautar 'yan wasa.

Wannan farauta ita ce rabin aikin, in ma ba ta fi rabi ba. Kowace shekara wasu suna kammala karatu su tafi, dole a cike gurbinsu, kuma koci ba ya sayen 'yar wasa kamar yadda kulob ke yi, lallashi ne kawai. Mun sha kwana a hanya zuwa gasannin 'yan sakandare, mu zauna a kujerar naɗewa tun safe har la'asar cikin rana muna rubuta lambobin riguna. In mun dawo a kalli bidiyo, a kira kocin yarinya na kulob a tambayi halinta, a nemi sakamakon jarrabawarta. Uwar ɗakina takan ce in lura da yadda yarinya ke yi wa mahaifiyarta magana bayan an cinye su, wai ya fi ƙwallon da ta ci faɗa mata gaskiya. A rukuni na ɗaya doka ta hana koci tuntuɓar yarinya kafin 15 ga Yuni na bayan shekararta ta biyu a babbar sakandare, wato aji na goma a tsarin Amurka. Saboda haka ki duba ajin da 'yarki take da ranar da saƙon ya zo. Wanda ya fara da taka doka tun a sallama, kin san abin da zai biyo baya.

Sai batun kuɗi, kuma a nan nake so ki buɗe kunne sosai. Koci ba ya da rumbun da zai ɗiba yadda ya ga dama. Shekara da shekaru, iyakar abin da aka yarda ƙungiyar mata ta rukuni na ɗaya ta raba shi ne kwatankwacin cikakken tallafi 14, ta rukuni na biyu 9.9, rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa sam, sai na ƙoƙarin karatu ko na rashin hali. Ga yara kusan talatin a ƙungiya. Ke nan yanka ake yi kamar naman layya, wannan ta samu rabi, waccan rubu'i, wata kuɗin littattafai kawai. Mu ma 9.9 ɗin ba mu taɓa samunsa cikakke ba, don abin da makaranta ta ware bai kai ba. A 2025 an yi wani sulhu a kotu da ya sauya tsarin ga makarantun rukuni na ɗaya da suka shiga cikinsa, aka cire iyakar 14 ɗin aka mayar da ita iyakar yawan 'yan wasa, 28 a ƙwallon mata. Amma cire iyaka bai sa kuɗi sun faɗo daga sama ba, kowace makaranta da ƙarfin aljihunta. Don haka in ya ce "tallafi", ki tambaye shi kashi nawa cikin ɗari, ya haɗa da ɗakin kwana da abinci da inshorar lafiya ko kuɗin makaranta kaɗai, kuma na shekara nawa. A wurinmu takardar ta shekara guda ce, ana sabunta ta, kuma dole kafin 1 ga Yuli a sanar da yarinya ko an sabunta, ko an rage, ko an janye.

Ikon nasa fa? Yana da shi, amma da iyaka. Shi ke zaɓen wadda yake so, shi ke yanke kason da za a ba ta. Sai dai ba shi ke ba da gurbin karatu ba, ofishin ɗaukar ɗalibai ne, takardar tallafin ma daga ofishin kuɗin ɗalibai take fitowa. Maganar baka ba ta ɗaure kowa ba. In an kore shi gobe, ko ya samu inda ya fi, wanda ya gaje shi ba dole ne ya san da zaman alkawarin ba. Abin da koci ke da shi a ofishin ɗaukar ɗalibai shi ne alfarma, ya miƙa suna ya ce wannan tawa ce, kuma alfarmar tana da nauyi ƙwarai a manyan makarantu. Kin tuna badaƙalar cin hancin shiga jami'o'i ta 2019? Rudy Meredith, wanda ya yi sama da shekara 20 yana kocin mata a jami'ar Yale, ya amsa laifinsa a kotu cewa ya karɓi dala 400,000 ya gabatar da wata yarinya a matsayin 'yar ƙwallo alhali ba ta taka leda a wani matakin kirki. Kocin gaskiya ba ya neman ko sisi a hannunki. Duk wanda ya ce ki turo wani abu "na gyaran takardu", ki rufe wayar. In 'yarki a gida take karatu, akwai rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, inda za su duba sakamakonta na WAEC ko NECO su kuma tabbatar ba ta taɓa karɓar albashin ƙwararru ba, sannan makaranta ta ba da takardar I-20 ta neman biza. Koci da ofishinsa su ke nuna hanya a duk wannan.

Bari in ba ki labarin kunyar da na sha, don ki gane yadda doka ta ɗaure wuyan babban koci. A shekarata ta biyu muna da wata yarinya daga Gana. Sanyin Oktoba ya shigo, na gan ta a benci tana kakkarwa cikin 'yar rigar da ba ta tare komai. Ni ɗan Zariya, ina zan iya kallo? Na ciro dala 60 na ba ta na ce ta sayi rigar sanyi. Da na faɗa wa uwar ɗakina, ina jiran ta ce Allah ya saka, sai na ga fuskarta ta sauya. Ashe a dokarsu wannan alfarma ce da ba a yi wa sauran ɗalibai ba, kuma laifin mataimaki a kan babban koci yake. Ita da kanta ta kai rahoto ofishin bin doka, aka sa yarinyar ta mayar da kuɗin ga wata ƙungiyar agaji kafin ta sake buga wasa, ni kuma aka sa min takardar gargaɗi a fayil. Na yi kwana biyu ina jin haushi. Daga baya na ga matar ta bi ta hanyar da doka ta yarda ta samo wa yarinyar riga har da takalmin ƙanƙara. Har yau ina ganin dokar ta yi tsauri, amma na fahimci dalilinta, don in aka buɗe ƙofar dala 60, masu kuɗi za su shigo da mota.

Karatu ma a wuyan koci yake. Yarinya ba ta buga wasa sai tana ɗaukar cikakken nauyin darussa, awa 12 na kwas a zango, kuma makinta bai faɗi ƙasa da abin da aka gindaya ba. Duk Litinin rahoton malamai ke zuwa teburinmu. Na ga an ajiye 'yar gabanmu da ta fi kowa cin ƙwallo a wasan da muke matuƙar buƙata, saboda ta tsallake aji sau biyu. Mun sha kashi ranar da ci ɗaya mai ban haushi, kuma uwar ɗakina ba ta ko yi nadama ba.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa ni, wa zai kula da ita. Hajiya, daga Agusta zuwa Nuwamba yarinya tana ganin koci fiye da kowa a duniya. Shi ya san ba ta ci abinci ba, shi ya san ta yi kuka a bas. A 2011 azumi ya kama ranar 1 ga Agusta, daidai lokacin atisayen share fage, ana fita sau biyu a rana cikin zafi. Muna da Musulma guda. Ban ma buɗe baki ba, matar nan ta kira mai kula da lafiyar 'yan wasa, suka mayar da aikin yarinyar mai nauyi zuwa dab da magariba, aka riƙa ajiye mata abincin sahur. Amma ba kowa ne haka ba. Akwai masu zagi, akwai masu auna nauyin yara a gaban jama'a, akwai masu matsa wa mai rauni ta koma fili. Ciwon da ya fi ba mu tsoro shi ne tsinkewar jijiyar gwiwa da ake kira ACL, wanda ya fi kama mata fiye da maza, kuma yakan cinye kusan shekara. A doka, likita da mai kula da lafiya su ke da maganar ƙarshe kan komawar mai rauni, koci ba ya da ta cewa. Ki tambaye shi ƙarara, in gwiwarta ta tsinke a shekarar farko, tallafin yana nan? Ki kuma tambayi batun sutura in tana sa hijabi da dogon wando, ki ji yadda zai amsa. Saurin amsar ma wani abu ne.

Wani a ƙasan tambayarki ya ce ai aikin kocin jami'a ba wani aiki ba ne, tunda Randy Waldrum ya haɗa shi da riƙon Super Falcons. Gaskiya ne ya haɗa, yana kocin jami'ar Pittsburgh ya kai Najeriya zagaye na biyu a gasar duniya ta 2023, inda Ingila ta fitar da mu a bugun fenariti. Amma yana da mataimaka da suka riƙe masa gida, har da ɗansa, kuma ko a can ɗin farautar bai daina ba, tunda 'yar wasan Super Falcons Deborah Abiodun a ƙungiyarsa ta Pittsburgh ta sauka a shekarar. Mutum ne da ya ci kofin ƙasa sau biyu da jami'ar Notre Dame, 2004 da 2010. Shi kuwa Anson Dorrance ya riƙe ƙungiyar mata ta jami'ar North Carolina daga 1979 har 2024, ya ci kofin NCAA 21. Irin waɗannan su ake gani a talabijin. Mafi yawan masu aikin suna ƙananan makarantu ne, su ne koci, su ne masu neman gudummawa wurin tsofaffin ɗalibai, su ne masu shirya sansanin yara da rani don cike giɓin kasafi, wani lokaci har tuƙin mota. Kujerun nan ma dokar Title IX ta 1972 ce ta haifar da yawancinsu, wadda ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata.

Bayan na bar aikin abubuwa sun ƙara rikicewa. Tun 2018 akwai rajistar masu neman sauya makaranta, yarinya ta sa sunanta kawai wasu su fara kiranta. Abokaina da ke ciki suna cewa yanzu sau biyu ake farauta, a nemo sababbi, a kuma lallashi na gida kada su gudu. Ga 'yarki wannan sauƙi ne, in wuri bai karɓe ta ba ba ta makale ba. Sai dai shi ma kocin yana iya ɗauko mai shekara 21 da ta goge ya ɗora a kan gurbinta.

In za ku kai ziyara makarantar, za su haɗa ku da kyaftin da taurarin ƙungiya, waɗanda dama bakinsu ɗaya da koci. Ki yi musu godiya, sannan ki nemi a ba ki lambar wata 'yar shekarar ƙarshe da ta yi shekara uku tana zaman benci, da lambar mahaifiyarta. Ki kuma buɗe shafin ƙungiyar ki kwatanta jerin sunayen bana da na shekara biyu baya, ki ƙirga yara nawa suka ɓace ba tare da sun kammala ba. In takardar tallafin ta iso, kada ta sa hannu a ranar. Ki rufe sunanta ki turo min hoton ta akwatin sirri, in sha Allahu zan duba miki layi-layi.