Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Yaya Ake Cin Kofin Dibishan Wan?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kulob ɗin ƙwallo na King Faisal ne tun ina yaro, kullum da dare a bes ɗinmu wurin shan ataya gardama ba ta ƙarewa. Wani abokina ya ce wai kulob uku ke cin kofin Dibishan Wan a shekara ɗaya, na ce ƙarya ne kofi ɗaya ne mai ci ɗaya. Don Allah a raba mana gardama, kuma yaya Nations FC suka yi suka hau a shekarar da mu muka faɗo? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Sai dai ka yi haƙuri ka saya wa abokinka ataya, shi ke da gaskiya. Dibishan Wan ta Gana, wato gasar ƙwallo da ke ƙasa da babbar gasa ta Firimiya, shiyya uku aka raba ta. Ta ɗaya ita ce arewa haɗe da wajen su Sunyani da Techiman, ta biyu mu nan Asante da Yamma da Tsakiya, ta uku kuma Ankara (Accra) da Gabas da Bolta. Kowace shiyya da zakaranta, su ukun ke hawa Firimiya mai kulob 18, uku na ƙarshe a can su sauko su ba su wuri.

Kakar da kake magana 2022/23 ce, na san ba ka son tuna ta, don a shekarar ne King Faisal na Alhaji Grusah suka faɗo kuma suka kai wasan ƙarshe na kofin FA Dreams FC ta cinye su 2-0, ga mari ga tsinka jaka. A wannan kakar Nations suka ɗauke shiyya ta biyu, Heart of Lions na Kpando suka ɗauke ta uku, Bofoakwa Tano na Sunyani kuma sai da suka buga wasan raba gardama da Eleven Wonders har bugun fenariti kafin su samu ta ɗaya.

To yaya Nations suka yi? Ni dai a ganina amsar tana aljihu kafin ta zo ƙafa. Mai kulob ɗin Dokta Kwame Kyei tsohon shugaban kulob ɗin Asante Kotoko ne, yana da filinsa na kansa a Abrankese, ba sai sun je roƙon fili ba ko su yi tirenin a fako inda awaki ke ratsawa. Wanda bai taɓa bin wasan ƙaramin lig ba yana zaton dabara ce kawai ta koci, alhali yaro ne zai shiga mota tun asuba ya sha hanya har Yamma cikin damina, ya sauka ƙafa a kumbure ya buga minti casa'in a filin da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, 'yan gari sun zagaye shi suna ihu, alƙalin wasa ma tunanin yadda zai fita lafiya yake. A gida kowa zaki ne. Maki ɗayan nan da ake ƙwatowa a waje, shi ke tara kofi, kuma yaron da ba a ba shi kuɗinsa na cin wasa ba tun watan jiya ba zai sa ƙafa inda za a karya masa ita ba, kar ma ka yaudari kanka.

Kuma hawa daban zama daban. Kotoku Royals sun hau a 2022, shekara ɗaya suka koma. Bofoakwa ma haka, 2024 suka sake faɗowa. Amma dubi Samartex na Samreboi, garin katako can cikin daji, sun hau a 2022 ɗin, zuwa 2024 sun ɗauki kofin Firimiya ƙarƙashin koci Nurudeen Amadu. Bibiani Gold Stars da suka hau a 2021 su ma suka ɗauka a 2025, manyan kulob Kotoko da Hearts of Oak na kallo.

TAMBAYA: Malam, zakaran Dibishan Wan yana zuwa wasan Afirka? Daga 'yar'uwarku a Nima, Ankara.

AMSA: A'a Hajiya, ladansa hawa Firimiya ne. Amma akwai wata ƙofa ta baya, kofin FA, don ƙananan kulob ma suna bugawa kuma wanda ya ci shi ke samun gurbin Kofin Kwanfedareshan na CAF, hukumar ƙwallon Afirka. Kar ki ce ba zai yiwu ƙaramin kulob ya ci ba, a 2011 Nania FC ta Abedi Pele tana Dibishan Wan ta doke Kotoko 1-0 a wasan ƙarshe. Ki tambayi duk wani ɗan Kotoko da ke unguwarku, amma ki bari sai ya ci abinci tukuna.